Yatsa Na Ashirin

Shafi na 23

Masu tambayata tun shekaranjiya ko Barkisu ta samu Magajiya a gida, na ga saƙonninku duka. Ta same ta.

Ruwan ya fara tun kafin la'asar. Ba shi da iska, ba shi da tsawa. Ya dai zauna a kan kwanon rufin unguwar Aboabo yana magana a hankali, kamar baƙon da bai yi niyyar tafiya ba.

Barkisu ta cire takalminta a bakin ƙofa. Fom ɗin takarar kujerar asambuli, wato wakilin unguwa a majalisar gari, yana cikin leda a ƙarƙashin mayafinta, ta danne shi a ƙirji.

Dangwalen yatsa ashirin ake so a kansa, na masu katin zaɓe a unguwar. Tana da goma sha tara. Yau ce rana ta ƙarshe, kuma ƙarfe biyar ake rufe ofis.

"Salamu alaikum, Mma Hajiya."

"Wa alaikumus salam. Shigo, 'yar Sha'aban. Tun daga zaure na ji tafiyarki, kamar wadda ta bar miya a wuta."

Hajiya Barakatu, Magajiyar matan unguwa, tana zaune a kan katifa, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo. Hayaƙin turaren wuta yana tashi daga kasko, ya kai tsakiyar ɗaki ya tsaya, bai hau ba, bai sauko ba.

A gefenta akwai faranti. A kan farantin, goro naɗe cikin ganye.

Barkisu ta durƙusa ta gaishe ta. Ta tambayi ƙafa, ta tambayi jikoki, ta tambayi ruwa. Idonta kuwa yana kan farantin.

Ranar Talata dattawa suka zauna suka tsayar da Sheriff, ɗan Alhaji Brimah dillalin shanu, wai don kada ƙuri'ar Zango ta rabu biyu. Suka aiko wa Magajiya goro. In Magajiya ta karɓi goro, matan unguwa duka sun karɓa. Tun daga ranar, duk gidan da Barkisu ta shiga da fom, sai matar gidan ta tuna tana da wanki.

"Kalli goron da kyau," in ji Magajiya. "Shi kika zo gani."

"Ke na zo gani, Mma."

"To ga ni."

"Saura yatsa ɗaya."

"Na sani. Ba abin da ake dafawa a unguwar nan ƙanshinsa bai shigo ɗakin nan ba."

"Naki nake so."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya a maƙogwaro.

"Ke tela ce. Shagonki yana tafiya, yaranki suna makaranta. Me kika rasa?"

"Sau uku ruwa ya shiga shagon bana."

"Ya shiga na kowa."

"Shi ya sa, Mma. In babban kwata ya cika, wa ke kwashe ruwa da kwano daga ɗaki? Mu. Wa ke ɗaga katifa, wa ke goya yara a cikin laka? Mu. Amma in za a zauna a yi maganar kwatan, sai a ce mu kawo shayi mu koma ciki."

"Sheriff ya ce zai gyara."

"Sheriff gidansu a kan tudu yake. Bai taɓa jin warin katifar da ta sha ruwa ba."

Magajiya ta ɗauki sanda ta ɗan motsa garwashin kasko. Hayaƙin ya karkace, ya dawo daidai.

"Na ga fostarki a bangon mai koko," in ji ta. "Hoton ya yi kyau. Sun rage miki shekara biyar."

"Mai hoton ne."

"Karanta mini abin da kika rubuta a ƙasa. Idona ba ya kai wa ƙanana."

"Barkisu Sha'aban. 'Yar Malam Sha'aban mai lasifika."

"Me ya sa kika sa sunansa?"

Daga masallacin lungu aka fara kiran la'asar, muryar ladan ta ratso ruwa ta iso a jiƙe.

Duk lokacin da Barkisu ta ji lasifika sai ta koma 'yar shekara bakwai. Babanta shi ke haɗa wayoyi a kowane taro a Zango, biki ko wa'azi ko siyasa. Yakan ɗora ta a kan benci kafin mutane su taru, ya sauko mata da maik daidai bakinta. Ta ce, "Ɗaya, biyu, ɗaya, biyu." Sai ta ji wata yarinya can nesa, bayan rufin gidaje, bayan itacen mangwaro, tana maimaita mata. Ta daɗe tana zaton yarinyar daban ce. Har ta taɓa roƙonsa ya kai ta gidansu su yi wasa.

"Shi ya fara ba ni maik," in ji ta. "Shi kaɗai ne namijin da ya taɓa ce mini in ɗaga murya."

"Allah ya jiƙan Sha'aban."

"Amin."

"Tashi ki buɗe akwatin can. Na ƙarfe. Zane na ƙasa duka."

"Mma, lokaci..."

"Lokacin nawa ya wuce shekara talatin da biyar yana jira. Buɗe."

Barkisu ta ja akwatin. Ƙanshin kafur ya taso. A can ƙasa ta zaro wani zane kore mai fararen tsuntsaye, ninkinsa ya yi kaifi don daɗewa.

Hannunta ya tsaya.

Ta san zanen nan. Ba ta san daga ina ba, amma ta san shi. Fili cike da rana. Mata da yawa a can baya, duk tsuntsaye a jikinsu. Alewa a bakinta.

"Yayi ne, zane iri ɗaya," in ji Magajiya. "Mata ɗari da wani abu suka ɗinka shi. Ba don biki ba, ba don suna ba. Don ni."

"Don ke?"

"Kin ɗauka ke kika fara karɓo takardar nan a Aboabo?"

Barkisu ta zauna a ƙasa da zanen a cinyarta.

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Wa zai gaya miki? Maza sun manta, mata sun yi mini kara." Magajiya ta jingina da bango, ta lumshe ido. "Lokacin ina sayar da atamfa a kasuwar Race Course. Bakina ya fi almakashi. Twi, Hausa, Dagbani, duk wanda ya zo da yarensa zan sayar masa a ciki. Na cika yatsuna cikin kwana biyu. Aka sa ranar da 'yan takara za su hau dandamali su yi wa jama'a magana. Mu huɗu, maza uku da ni."

Ruwan ya ɗan ƙara ƙarfi, ya sake lafawa.

"Maza suka cika gaba a kan benci. Mata aka tura su can ƙarshen fili, wajen masu sayar da lemo. Ban damu ba. Na ce ai ga lasifika har huɗu. Na hau. Ƙafata ba ta yi rawa ba, Barkisu. Na yi bismillah na fara."

"Me kika ce?"

"Abin da kika gama gaya mini yanzu. Kwata. Famfo ɗaya ga gida arba'in. Macen da naƙuda ta kama a lokacin ruwa, aka ɗauke ta a kan ƙyauren ɗaki saboda mota ba ta shiga lungu. Na yi magana kamar ana zuba mini daga sama. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na ji kamar ƙafata ta bar katako."

Ta buɗe ido.

"Na hango mata suna kai hannu kunne. Na ɗauka ɗankwali suke gyarawa. Na ga mazan gaba suna dariya. Na ɗauka barkwancina ne ya shige su."

"Mma..."

"Ban taɓa riƙe maik ba sai ranar. Ban san cewa mai magana yana jin muryarsa tana dawo masa daga nesa ba. Na ɗauka haka abin yake, ki zuba maganarki a ciki, shi ya san inda zai kai ta. Minti goma ina magana da ƙarfe marar rai."

Barkisu ta matse zanen.

"Wuta aka ɗauke?"

"Haka aka ce. Amma ina sauka na gaba ya hau, murya ta tashi har unguwar Akwatia Line." Tsohuwar ta yi murmushi marar daɗi. "Washegari na shiga kasuwa, sai na ji wani kwandasta ya ce, ga Barakatu kifi. Baki yana buɗewa, ba a jin komai. Shekara biyu sunan yana bina. Har mijina, Allah ya jiƙansa, in mun yi faɗa sai ya motsa baki kawai, ya yi shiru. Ban jira ranar zaɓe ba. Na janye."

"Wa ya kashe?"

Magajiya ta dube ta kawai, dubawa mai tsawo.

Barkisu ta girgiza kai.

"A'a."

"Ban ce komai ba."

"A'a, Mma. Ba shi ba ne."

"Lasifikar wa ake haya a Zango a lokacin?"

"Yana da yaran aiki. Wani ne ya taka waya. Ko janareta."

"Ni ma haka na gaya wa kaina shekara goma sha ɗaya. Sai shekarar da Sha'aban ya samu kujerar Makka. Kin san yadda ake yi, mai tafiya hajji yana bin gida gida yana neman gafara. Ya zo nan. Bai shigo ba. A bakin ƙofar can ya durƙusa, inda kika ajiye takalminki."

Barkisu ta juya ta kalli ƙofar. Ruwa yana ɗiga daga bakin kwano cikin takalmanta.

"Ya ce, Barakatu, ni na zare wayar. Wani dattijo a bencin gaba ya ɗaga mini carbi, na gane. Sun gaya mini tun da safe, in na bari muryar mace ta hau saman unguwa, ba masallacin da zai sake kirana aiki. Ina da yara shida."

"Kika ce me?"

"Me ake ce wa mai tafiya ɗakin Allah? Na ce na yafe. Bakina ya faɗa." Ta taɓa ƙirjinta. "Nan bai ji ba. Shi ma an zare masa waya."

Barkisu ta ji ɗakin yana nisa da ita. Fuskar babanta ta zo mata, da sukuddireba a bayan kunnensa, yana murmushi, yana sauko mata da maik.

"Ranar..." muryarta ta fito siririya. "Da safe. Ni na gwada shi, ko?"

"Ke ce. Da jan ribbon a kanki. Ni na ba ki alewa."

Garwashin ya yi ƙara sau ɗaya.

"Ranar da ya zo neman gafarar, bai tashi nan take ba," in ji Magajiya, muryarta ta sauka. "Ya ce, ba wanda ya ji ki ranar sai ni, don ina tsugune a gindin dandamali. Sai ya fara karanto mini. Daga bismillah har ƙarshe. Famfon, ƙyauren, har inda na yi tari. Ni da na faɗa na manta rabi. Shi shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da ita."

Hawaye ya gangaro wa Barkisu. Ba ta share ba.

"Shi ya sa kika karɓi goron? Don ni 'yarsa ce?"

"Da farko na ɗauka don in tsare ki ne. Na ce kada a yi wa yarinyar nan abin da aka yi mini. Yanzu ba waya za su zare ba, hotonki za su yanka su yi ta yawo da shi a wayoyinsu. Amma daren jiya na tambayi kaina da gaske." Ta numfasa. "Akwai wancan ma. Na ga sunan Sha'aban a bango, da fuskar mace a samansa, wani abu ya tashi mini. Na ce, 'yarsa za a ji, ni ba a ji ni ba?"

Barkisu ta ninke zanen a kan tsohon ninkinsa, ta ajiye shi a gefen katifa. Ta zaro fom daga leda, ta buɗe tawadar dangwale, ta tura su gaban tsohuwar.

"Na ji, Mma. Zan yi kukan wannan gobe. Yau ƙarfe biyar ake rufewa."

Magajiya ta kalli takardar. Yatsu goma sha tara a jere, wasu sun fito tsaf, wasu sun goge. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na Mamuna mai wake ne. Na san shi, wuƙa ta yanke ta a nan."

"Nata ne."

"Uwarta tana cikin masu koren zane." Ta juya ga farantin. "Goron nan ko ɗaya ban fasa ba. Kwana uku ina kallonsa. Zan iya mayar musu da abinsu."

"To sa mini, Mma."

"Ba zai yi miki amfani ba."

"Yatsan Magajiya?"

"Gefen kowane yatsa me ake rubutawa?"

"Lambar katin zaɓe."

"Ba ni da shi."

Barkisu ta ɗago.

"Ya ɓace? Lambar kawai..."

"Ba ni da shi, na ce. Ranar da na janye na jefa na farkon a babban kwata. Ban sake yin wani ba. Ban taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwata."

"Mma, ke kike tashinmu da asuba ranar zaɓe! Ke kike jera mu a layi!"

"Kin taɓa ganina a cikin layin? Ina gefe da kujerata, ina cewa na yi tawa tun da sanyin safiya."

"Amma tawada a yatsa..."

"Kin taɓa ganin zaɓe ya zo ban yi lalle ba?"

Hannayen Magajiya a kowace ranar zaɓe suka dawo wa Barkisu, baƙi wuluk har gaɓa ta biyu. Mata har tsokanarta suke yi, wai amaryar zaɓe.

Dariya ta kuɓuce mata cikin kuka. Tsohuwar ma ta yi, har ta kama ƙirji.

"Ke kaɗai kika sani yanzu. Ke da mai yi mini lallen, ita kuma ta rasu."

Agogon bango ya nuna huɗu da minti ashirin da biyar.

Barkisu ta zabura.

"Matan gidan nan fa? In ke kika ce su sa..."

"Duk suna biki a Akwatia Line tun azahar. 'Yan hayan da suka rage, katinsu na can garin Bawku ne. Wa ya kawo ki?"

"Maigidana, Baban Laila. Yana rumfar mai wake da babur."

"Seini? Ai katinsa na nan ne."

"Ba zai yi ba. Motar shanun Alhaji Brimah yake ja. Tun farko ya gaya mini, zan kai ki duk inda kike so, amma kada ki sa ni a takarda. Na yi masa alkawari."

"Ke kika yi. Ni ban yi ba. Kira mini shi."

Barkisu ta leƙa ta yafito shi. Seini ya shigo da sallama, rigarsa ta jiƙe a kafaɗa, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Mma Hajiya, ina wuni. Ya ƙafa?"

"Ƙafa tana nan, ita ba ta gudu. Kai Bazabarme, matarka tana yawo cikin ruwa kwana uku, kai kana zaune kana cin waken Mamuna?"

"Na ce mata ta sayi lema, Mma."

"Matso."

Ya matso kaɗan.

"Ina katinka na zaɓe?"

"Yana... yana walat."

"Fito da shi. In Brimah ya kore ka, ka turo shi wurina. Na san shi tun yana bin shanu ba wando."

Seini bai motsa ba. Ya kalli fom, ya kalli tawada. Matarsa ce kaɗai bai kalla ba.

"Baban Laila," in ji Barkisu a hankali. "Na san abin da na ce maka. Ba don na rasa kowa ba da ban buɗe baki ba. Minti talatin ya rage."

"Barkisu..."

"Ko ƙuri'a ba sai ka ba ni ba. Wannan don sunana ya shiga ne kawai."

Ya juya ga Magajiya.

"Mma Hajiya, ina da tambaya."

"Yi."

"Mutum ɗaya yana sa wa 'yan takara biyu?"

Ruwan da ke kan kwano kamar ya ja baya.

"Ba ya yi," in ji Magajiya. "Me ya sa?"

"An kawo takardar Sheriff kasuwar shanu. Aka jera mu, direbobi da yaran mota. Alhaji yana tsaye a wurin, yana kiran suna ɗaya ɗaya." Ya sunkuyar da kai. "Da ya zo kaina bai ma kira ba. Dariya ya yi, ya ce, mijin Honarabul, zo ka fara."

"Yaushe?" in ji Barkisu.

"Laraba."

"Laraba." Ta maimaita kamar tana ɗanɗana kalmar. "Ranar da ka dawo da yamma ka dama mini ƙullu, muka bi bango muna liƙa fostata?"

Seini bai ɗago ba. Ya zaro hannunsa na dama daga aljihu, ya ajiye shi a kan tabarma tsakaninsu.

"Da wannan hannun."